Me ya sa manhaja ke ƙamewa ta nuna "Not Responding", kuma ina gyaran yake?

Mutum ya danna maɓalli a wata manhaja da ke kan kwamfutarsa, sai taga ta tsaya cak. Ya sake dannawa, shiru. Can sai tagar ta yi fari kamar hazo ya lulluɓe ta, a samanta aka rubuta "Not Responding". Laifin wa ne? Akasarin mutane kwamfutar suke ɗora wa: ta tsufa, RAM ɗinta ya yi kaɗan, ko bairos ya shige ta. Akwai lokacin da hakan gaskiya ne. Amma sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin kwamfutar da firosesarta ke da ƙwaya takwas (sassa takwas da kowanne ke iya aikinsa dabam) tana iya nuna wannan rubutu alhali bakwai daga cikinsu na zaune ba aikin fari ba na baƙi. Matsalar tana cikin yadda aka rubuta manhajar, kuma kusan kullum daga wuri ɗaya take tasowa.

## Zare ɗaya, layi ɗaya

Kowace manhaja tana gudanar da aikinta ne a kan abin da masu rubuta manhaja ke kira zare. Zare jerin umarni ne da ake bi ɗaya bayan ɗaya, sai an gama wannan a shiga wancan. Manhaja na iya samun zare goma ko ɗari, amma ɗaya ne daga cikinsu ke riƙe da fuskarta, wato tagogi da maɓallai da akwatunan rubutu da duk abin da ido ke gani. Shi za mu kira zaren fuska.

Idan ka motsa linzami ko ka danna harafi, ba manhajar ce ke fara sani ba. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, Windows ko macOS ko Linux, ita ke karɓa, ta mayar da shi saƙo, ta ajiye a layin saƙonnin manhajar. Aikin zaren fuska kuwa zagaye ne da ba ya ƙarewa: ya ɗauko saƙo, ya miƙa wa kod ɗin (wato umarnin da mai rubuta manhaja ya rubuta) da ke da alhakinsa, ya jira a gama, ya koma ya ɗauko na gaba. A Windows umarnin GetMessage da DispatchMessage ne ke wannan aikin. A tsare-tsaren gina fuskar manhaja ma haka ne: a Tkinter na Python sunansa mainloop(), a Qt exec(), a Swing na Java kuma zaren ma suna aka raɗa masa, Event Dispatch Thread. Sunan ne kawai ya bambanta.

To a nan gizo ke saƙa. Kod ɗin da ka rubuta don maɓalli, a kan wannan zaren yake gudana. Muddin bai dawo ba, babu mai ɗauko saƙo na gaba. Kuma har zana tagar kanta saƙo ne. A Windows sunansa WM_PAINT, kuma ba ya fitowa sai layin ya zama babu saƙon da ya fi shi gaggawa. Wannan ne ke jawo wani abu da ke ɗaure wa sababbin masu koyo kai: mutum ya rubuta layi ɗaya da ke canja lakabi (ɗan rubutun da ke kan taga) zuwa "Ana aiki...", a ƙarƙashinsa ya fara karanta fayil mai layi 200,000. Ya gwada, rubutun bai taɓa bayyana ba. Dalili shi ne canja lakabin ya rubuta buƙatar zane ne kawai, zanen kansa yana jiran zaren ya dawo, zaren kuwa yana can cikin fayil. Ko da ya dawo, layi na gaba ya riga ya mayar da lakabin "An gama".

## Daƙiƙa biyar da milisakan goma sha shida

Windows ba ta san abin da manhajarka ke yi a ciki ba. Abin da take lura da shi ɗaya ne: yaushe rabon zaren fuska da ɗaukar saƙo? Idan ya kai daƙiƙa 5, sai ta ɓoye tagar gaskiya, ta sa wata ta wucin gadi mai ɗauke da hoton ƙarshe na tagar, ta ƙara mata wancan rubutu. Wannan tagar aro ce ke ba ka damar ja ko rufewa. A macOS alamar ita ce ƙwallon nan mai launi-launi da ke juyawa. Ke nan rubutun ba ya nufin manhajar ta mutu. Yana nufin ta daina amsa sallama, ko da tana ciki tana aiki tuƙuru.

Sai dai daƙiƙa 5 iyakar haƙurin Windows ne. Haƙurin ɗan Adam bai kai nan ba. Allo mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa yana buƙatar sabon zane duk bayan milisakan 16.7, mai sau 144 kuwa ƙasa da milisakan 7. Tun 1968 Robert Miller ya yi nazarin lokacin amsawar kwamfuta, Jakob Nielsen ya taƙaita shi a 1993 zuwa iyakoki uku da har yau ake aiki da su: ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa mutum na jin abu ya faru nan take, zuwa daƙiƙa 1 yana lura da jinkiri amma tunaninsa bai katse ba, bayan daƙiƙa 10 hankalinsa ya tafi wani wuri. Don haka ma'aunin da ya dace mai rubuta manhaja ya riƙe shi ne wannan: duk abin da zai iya wuce milisakan 50 zuwa 100, ba wurinsa ba ne zaren fuska.

## To me ya hana a ba fuska zare da yawa?

Tambaya ce mai kyau, kuma an gwada. A zamanin Windows 3.1 lamarin ya fi haka muni, domin manhajoji ne da kansu ke sakar wa juna firosesa, ɗaya ta ƙi saki duk kwamfutar ta tsaya. Windows NT a 1993, Windows 95, da Mac OS X a 2001 suka kawo tsarin da babbar manhaja ke ƙwace firosesa ta raba, shi ya sa yanzu taga ɗaya ke ƙamewa sauran na aiki. BeOS, wata babbar manhaja, ta ƙara gaba, ta ba kowace taga zarenta.

Amma barin kowane zare ya taɓa kowane maɓalli bai yi nasara ba. Graham Hamilton na kamfanin Sun ya yi bayanin dalilin a 2004: dannawar mai amfani tana tasowa daga ƙasa, daga babbar manhaja zuwa kod ɗinka, canjin da kod ɗinka ke yi kuwa yana gangarowa daga sama zuwa allo. Idan kowane mataki na da makullinsa, wato abin da ke hana zare biyu taɓa abu ɗaya a lokaci guda, waɗannan biyun za su riƙa kama makullai a jeri mai kishiyantar juna, ƙarshe su tare wa juna hanya. Saboda haka Swing, Qt, GTK, WinForms, WPF da AppKit duk suka tsaya a doka ɗaya: zare ɗaya ne ke taɓa fuska. A ganina shawara ce mai kyau, sai dai ta ɗora wa mai rubuta manhaja nauyin sanin abin da bai kamata ya bari a kan zaren ba.

## Abubuwa uku da ke riƙe zaren

Na farko lissafi ne mai nauyi: matse hoto, tace bayanai masu yawa, ɓoye fayil da kalmar sirri. Wannan kowa na ganinsa.

Na biyu shi ne jira, kuma shi ya fi cin mutane, domin a kwamfutar wanda ya rubuta manhajar ba ya nunawa. Intanet ɗinsa na da sauri, rumbun bayanan na kusa, fayilolin na kan SSD. A hannun wani kuwa, sabar, wato kwamfutar nesa da manhajar ke neman bayanai a wurinta, ba ta amsawa. Windows kan ɗauki kimanin daƙiƙa 21 kafin ta haƙura da haɗin netwok na TCP da bai samu amsa ba. HttpClient, abin neman bayanai ta intanet a .NET na Microsoft, yana jira har daƙiƙa 100 idan ba a canja ba. Laburaren requests, takwaransa na Python, ba shi da wa'adi sam sai ka sa masa, yana iya jiran gawon shanu har abada. Ko tambaya ƙarama irin "wannan fayil yana nan?" tana iya tsayar da taga idan fayil ɗin na kan foldar netwok da aka cire, ko kan filashin da ya fara lalacewa. Jerin "fayilolin da aka buɗe kwanan nan" ya sha ƙamar da manhajoji tun wajen tashi saboda wannan.

Na uku fuskar ce da kanta. Zuba layi 50,000 a tebur ɗaya bayan ɗaya, kowanne na jawo sabon lissafin tsari da zane. Wannan ba a iya kai shi wani zare, tunda aikin fuska ne. Maganinsa a rage shi: a dakatar da zane da BeginUpdate a sake shi da EndUpdate, ko a yi amfani da tebur mai neman layukan da ke bayyane kawai, irin VirtualMode na WinForms ko tsarin QAbstractTableModel na Qt. Allo bai fi nuna layi 40 ko 50 ba a lokaci guda, babu dalilin gina dubu hamsin. Haka akwatin bincike da ke tace bayanai da kowane harafi: a sa agogo na milisakan 250 zuwa 300 da ke komawa farko da kowace dannawa, a yi binciken sai yatsa ya tsaya.

## Gajeriyar hanyar da ke kai mutum rami

Kusan kowane tsari na da wani umarni da ke cewa "tsaya nan, ka sallami saƙonnin da ke layi, sannan mu ci gaba". A WinForms Application.DoEvents(), a Qt processEvents(), a Tkinter update(). Mutum ya saka shi cikin dogon zagayensa, taga ta daina yin fari, ya ɗauka an gama. Masu kare wannan hanya na cewa layi ɗaya ne, babu zare na biyu, babu makulli, kuma a ƙaramin kayan aikin da mutum ya rubuta wa kansa hujjarsu na da ƙarfi.

Ga abin da ke faruwa a hannun jama'a. Aikin shigar da bayanai ya kai layi na 4,000. An kira DoEvents. A layin saƙonni akwai dannawa ta biyu da mai amfani ya yi wa maɓallin, don ya ga kamar ta farko ba ta shiga ba. Sai aikin ya sake tashi daga farko a cikin kansa, na farkon na rataye yana jira, duk biyun suna rubutu a wuri ɗaya. Ko kuma saƙon da ke layi na rufe taga ne: aka rufe, aka rushe maɓallai, zagayen ya dawo yana neman rubuta wa lakabin da babu shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ban da haka, idan umarni ɗaya ne ya tsaya daƙiƙa 21 yana jiran saba, babu inda za ka cusa DoEvents a tsakiyarsa.

## Raba aiki: ma'aikaci a baya, fuska a gaba

Gyaran da ke ɗorewa matakai huɗu ne, kuma jerinsu na da muhimmanci. Tun kana kan zaren fuska, kwashe duk abin da aikin ke buƙata daga akwatunan rubutu zuwa bayanai na yau da kullum, ka kashe maɓallin. Tayar da zaren ma'aikaci ka ba shi waɗannan bayanan. Ma'aikacin ya yi aikinsa ba tare da ya taɓa ko lakabi ɗaya ba. Duk abin da yake son a nuna, ya aiko shi a matsayin saƙo zuwa layin zaren fuska.

Kowane tsari na da ƙofar aiko wannan saƙo: BeginInvoke a WinForms, Dispatcher a WPF, SwingUtilities.invokeLater ko SwingWorker a Java, GLib.idle_add a GTK, DispatchQueue.main.async a macOS. A Qt ana mayar da abin aikin kan QThread da moveToThread, sigina, wato saƙonnin Qt, kuma su ƙetara da kansu ta layi. A Tkinter hanyar da ta fi aminci ita ce queue.Queue da after():

```
def duba_layi():
    try:
        while True:
            adadi = layi.get_nowait()
            sanda["value"] = adadi
    except queue.Empty:
        pass
    taga.after(100, duba_layi)
```

Ma'aikacin na zuba lambobi da layi.put(), zaren fuska na leƙawa duk bayan milisakan 100, ya kwashe abin da ya samu, ya koma bakin aikinsa. Lura da get_nowait(). Da get() zalla aka sa, zaren fuska zai tsaya jiran layin, an koma gidan jiya.

Masu Python na da ƙarin abin lura. A CPython, nau'in Python da aka saba da shi, akwai makullin GIL, wanda ke barin zare ɗaya kawai ya gudanar da kod ɗin Python a lokaci guda, ana karɓa-karɓa kusan duk milisakan 5. Jiran netwok ko fayil na sakin makullin, don haka zare ya wadatar. Lissafi mai nauyi kuwa zai riƙa jayayya da fuska, taga ta riƙa tafiya da ƙyar. A nan ProcessPoolExecutor ya fi, domin yana kai aikin wani firoses dabam, wato wani kwafin Python da ke gudana a gefe, mai nasa makullin. Python 3.13 da ta fito a 2024 ta zo da nau'in gwaji marar GIL, amma ba shi ne wanda yawancin mutane ke da shi ba.

Akwai kuma async da await, da suka shigo C# 5.0 a 2012. Ana yawan fahimtarsu a baibai. Rubuta async a gaban aiki ba ya kai shi wani zare. Abin da await ke yi shi ne sakin zaren fuska yayin da ake jiran netwok ko fayil, a dawo a ci gaba idan amsa ta iso. Domin jira, babu kamarsa. Idan lissafi ne, yana nan kan zaren fuska har sai ka nannaɗe shi cikin Task.Run.

## Tarkunan da ke bayan gyaran

Taɓa fuska daga zaren ma'aikaci shi ne na farko. WinForms kan jefo kuskuren "Cross-thread operation not valid" lokacin gwaji, WPF ma na ƙi nan take, kuma wannan alheri ne. Wasu tsare-tsaren shiru suke yi, abin ya yi aiki sau ɗari, a na ɗari da ɗaya manhajar ta faɗi a wurin da ba shi da alaƙa da kuskuren.

Na biyu ambaliyar saƙo. Ma'aikaci ya aiko rahoton ci gaba da kowane layi cikin 200,000. Zaren fuska ya nutse cikin sabunta sandar ci gaba, kuma da yake Windows na fifita saƙonnin da aka aiko a kan dannawa da zane, taga ta sake ƙamewa duk da an raba aikin. PostMessage, umarnin Windows na aika saƙo, shi ma na da iyakar saƙo 10,000 a layin saƙonni ɗaya. A aiko rahoto sau 10 a daƙiƙa, ko duk lokacin da kashi cikin ɗari ya canja. Ido ba ya buƙatar fiye da haka.

Na uku shi ne cirko-cirko, kuma shi ne ƙamewar da ba ta warwarewa. Zaren fuska ya kira Join() yana jiran ma'aikaci ya gama. Ma'aikacin kuwa ya kira Invoke, wanda ke tsayawa har sai zaren fuska ya aiwatar da saƙon. Wannan na jiran wancan, wancan na jiran wannan. A C# sanannen nau'insa shi ne kiran .Result ko .Wait() a kan zaren fuska: aikin async ɗin ya gama jiransa, yana son dawowa kan zaren fuska ya ƙarasa, zaren kuwa na tsaye yana jiran sakamakonsa. Dokar kauce masa gajeriya ce: zaren fuska ba ya jiran kowa. A yi await tun daga sama har ƙasa, a fifita BeginInvoke a kan Invoke, kuma kada ma'aikaci ya aiko wa fuska saƙo mai jira alhali yana riƙe da makulli.

Sai batun fasawa. Kashe zare da ƙarfi na iya barin fayil a rabi ko makulli a kulle, shi ya sa Java ta daɗe da hana Thread.stop, .NET na zamani kuma ya daina karɓar Thread.Abort. Hanyar da ta rage ita ce a ɗaga tuta, ma'aikacin ya riƙa dubawa a kowane zagaye ya fita da kansa: CancellationToken, threading.Event, ko requestInterruption() na Qt. Rufe taga ma fasawa ce, a ɗaga tutar kafin a rushe maɓallai. Idan aikin ajiye fayil ne, a rubuta a fayil na wucin gadi, sai an kammala a sauya masa suna, don kada tsayawa a tsakiya ta lalata na asali. Kuma a kama kuskuren da ya faru cikin ma'aikaci a aiko shi gaba. In ba haka ba zaren zai mutu shiru, sandar ci gaba ta tsaya a kashi 63, maɓallin ya zauna a kashe.

## Mai amfani fa, ya jira ko ya rufe?

Task Manager na Windows, mai nuna abin da kowace manhaja ke ci, na ba da amsa. A firosesa mai zare takwas, manhajar da ke cin kashi 12 ko 13 cikin ɗari ba sauka tana lissafi ne a kan zare ɗaya, akwai yiwuwar ta gama. Idan firosesa na sifili amma faifai ko netwok na motsi, jira take, a ba ta minti ɗaya ko biyu. Idan komai na sifili har mintoci, mai yiwuwa cirko-cirko ne, jira ba zai amfana ba. Yawan dannawa ba ya taimakawa, domin abin da aka danna kafin tagar ta yi fari yana layi, zai aiwatu gaba ɗaya da zarar ta farfaɗo, wataƙila a kan maɓallin da ba shi aka nufa ba. Rufewa da ƙarfi kuma na tafiya da duk abin da ba a ajiye ba.

## Kama mai laifin

Ga mai rubuta manhaja, zato ɓata lokaci ne. A daidai lokacin da tagar ta ƙame, a dakatar da manhajar cikin dibaga (kayan aikin bin diddigin kuskure a kod), a zaɓi zaren fuska, a karanta jerin kiraye-kirayen da yake ciki, wato jerin ayyukan kod da suka kira juna har zuwa inda yake. Layin da ke sama shi ne inda ya maƙale. Idan a kwamfutar wani abin ke faruwa, jstack na fitar da wannan jeri a Java, py-spy dump a Python, Sample Process na Activity Monitor a macOS, a Windows kuma Task Manager na iya ajiye hoton ƙwaƙwalwar manhajar ko ya nuna wanda take jira ta Analyze wait chain. A ɗauki hoto uku da tazarar 'yan daƙiƙoƙi: in layi ɗaya ne a duka, jira ne ko cirko-cirko, in yana canjawa, lissafi ne.

Ƙananan ƙamewa da ba sa kai daƙiƙa 5 sun fi wuyar kamawa. Domin su ana sa zaren gadi: duk milisakan 100 ya aika wa zaren fuska saƙon da ba ya yin komai sai amsawa, idan amsa ta wuce milisakan 500 ya rubuta jerin kiraye-kirayen zaren fuska a fayil ɗin rahoto. Sannan a gwada manhajar a yanayin da ba na kwamfutar marubucinta ba: a cire wayar netwok a tsakiyar aiki, a ba ta fayil da ya ninka na gwaji sau ɗari, a danna maɓalli sau biyu da sauri, a rufe taga sandar ci gaba na tsakiya.